Wa Ya Ambaci Wa? Ƙidayar Malaman Jami'a da Daminar Manomin Bauchi

Shirin faɗakarwa na yau zai leƙa wani lungu da ba kasafai labarinsa ke tsallake katangar jami'a ba, alhali yana da hannu a irin shukar da ake aunawa a kasuwar Muda Lawal, da kuma shawarar da malamin gona ke ɗauka a babur ya kai ƙauye.

Duk wanda ya saba zama da malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Yalwa ne ko a Gubi, ya san akwai wata lamba da ake yawan dubawa a waya. Malami zai buɗe shafinsa na Google Scholar, ga hotonsa, ga jerin maƙalolin da ya wallafa, a gefe kuma ga ɗan akwati mai nuna sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Idan lambar ta motsa, ko da da uku ne, ranar za a ga fara'a a ofis. Idan ta yi wata shida tana tsaye cik, sai a fara tunanin ko an yi aikin banza. Da wannan lamba ake gwada tsawo a taron masana, ana dubanta wajen raba kuɗin bincike, masu jera jami'o'in duniya daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe kuma suna ba ta kaso mai tsoka a makinsu.

Yadda abin yake ba shi da wuyar fahimta. Mai bincike ba ya faɗin magana haka siddan, dole ya nuna inda ya samo ta, sannan a ƙarshen maƙalarsa ya jera manazarta. Duk sunan da ya shiga wannan jeri, mai shi ya sami ambato ɗaya. Almajirin ilimi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka malaman hadisi ke yi da isnadi, wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Bambancin shi ne a nan na'ura ce ke ƙirga, ita kuwa ba ruwanta da ko yabon aikin aka yi ko ƙaryata shi, muddin sunan ya fito ta rubuta ɗaya.

Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar a riƙa tattara irin wannan ƙidaya a 1955, kuma a 1964 ya fara fitar da kundinta. Shekara arba'in bayan nan, a 2004, Google Scholar da Scopus suka bayyana a intanet, abin da a da sai an shiga babban ɗakin karatu ya dawo tafin hannu. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira da harafin h. In aka ce na malami ya kai 20, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Dabarar ita ce kada maƙala ɗaya da ta yi tashe ta rufe wa mutum asiri, kada kuma tarin takardun da ba mai karantawa su ɗaga shi.

To, ina ruwan manomin Ganjuwa ko na Itas da wannan lissafi?

Da ruwansa ƙwarai. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da kwamitin masana kan sauyin yanayi, wanda aka kafa a 1988, aka fi saninsa da IPCC. Kwamitin ba ya zuwa gona ya auna komai da kansa. Abin da aka riga aka wallafa yake tattarawa ya tace, ya fitar da rahoton da gwamnatoci da bankuna da ƙungiyoyin agaji ke dogara da shi. A rahotonsa na Fabrairun 2022 ya ce sauyin yanayi ya rage bunƙasar amfanin noma a Afirka da kashi 34 cikin 100 tun daga 1961, fiye da kowace nahiya. Daga irin waɗannan rahotanni ake zana manyan shirye-shirye, kamar ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ko shirin katangar itatuwa ta Afirka, wanda Bauchi na cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa. Masu zana shirin nan maƙalolin da suka yi suna suke karantawa. Wanda aka fi ambata shi ake ji, wanda ba a ambata ba kuwa ko da gaskiya a bakinsa, sai ta tsaya a cikin durowa.

Abin da mutane da yawa a garin nan ba su sani ba shi ne, ƙasar Bauchi tana da hannu a ɗaya daga cikin ayyukan da suka sauya tunanin masana noma a duniya.

A 1965 wani matashi ɗan Ingila, David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya kama aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. A lokacin, karatun da ake ba malaman gona a fili yake: noman zamani shi ne shuka iri ɗaya a gona ɗaya, layi-layi, a zuba takin Bature. Manomin da ke cuɗa gero da dawa da wake a kunya guda kuwa, ana yi masa kallon wanda kansa bai waye ba, wanda sai an yi haƙuri da shi. Norman da abokan aikinsa ba su fara da wa'azi ba. Suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, uku a Sakkwato, uku a nan kusa da Bauchi, cikinsu har da Bishi. Suka ajiye ma'aikata a ƙauyukan, suna bi gida-gida a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, dami nawa ya ɗaure, nawa ya sayar.

A dubi gonar da suka tarar, wadda har gobe ita ce gonar yawancin masu sauraron shirin nan. Ruwan farko na sauka, a jefa gero. Bayan 'yan makonni a bi da dawa a tsakani. Idan damina ta kankama a sa wake a ƙarƙashi, wani kuma ya yi gicci, layin hatsi ya ratsa kunyoyin gyaɗa. Gero ya nuna tun ana tsakiyar ruwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa, a yanke shi, wake ya sami sarari ya yaɗu. Dawa ta jira kaka. A ƙarshe ga hatsi, ga wake, ga harawa da kara na dabbobi. In ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya shiga gida. In ya yi jinkirin zuwa amma ya daɗe, dawa ta fanshe.

Da aka zauna aka yi lissafi, sai ga shi manomin ya fi masu yi masa wa'azi gaskiya. Gonar da aka cuɗa ta fi ba da amfani a kowace eka idan aka haɗa kuɗin duk abin da ta haifar, ta fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai da hannu ke ƙaranci, kuma ba ta cika kunyata mai ita gaba ɗaya ba a shekarar da damina ta yi gardama. Binciken ya kuma nuna cewa a Bauchi, inda ƙasa ke da yalwa, shuka iri ɗaya ta fi yawa in aka kwatanta da Sakkwato mai cunkoso, wato manomi yana auna halin da yake ciki ne kafin ya zaɓa. Norman ya wallafa wannan a wata mujallar masana ta Ingila a 1974, sannan a 1982 shi da Emmy Simmons da Henry Hays suka fitar da littafi kan tsarin noman wannan yanki. Ayyukan nan suna cikin tubalan da aka gina wani sabon fanni a kansu, wanda ke cewa a fara fahimtar gidan manomi da gonarsa dungurungum kafin a kawo masa sabon abu. Daga Afirka har Asiya da Kudancin Amurka an yi ta ambatonsu. A wancan zamani ba a fara zancen sauyin yanayi a rediyo ba, amma yawancin abin da yau ake kira dabarun jure masa, su ne ma'aikatan nan suka rubuta a bakin gonakin Bishi.

Masani na biyu da ya saurari manoman Arewa shi ne Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979, ya zauna har 1986. Farin 1972 zuwa 1974 a gabansa aka yi shi, haka na 1983 da 1984. A lokacin maganar da ta cika duniya ita ce talakan Sahel shi ke kashe ƙasarsa da kansa, ya sare itace, ya cika kiwo, hamada kuma tana tahowa ba makawa. Mortimore ya ɗauki wani ƙauye, Dagaceri, da ke cikin Jihar Jigawa ta yanzu, ya yi ta komawa can fiye da shekara goma. Ya ga mutane suna sauya iri zuwa mai saurin nuna, suna sayar da akuya su sayi hatsi, maza suna tafiya cin rani su aiko da kuɗi, mata suna tsinko ganyen daji suna haɗa abinci. Ya kuma auna gonakin kewayen Kano, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu, ya ga taki da jakuna ke ɗaukowa daga birni da turken dabbobi suna riƙe da ƙasar, itatuwa kuma ana tattalinsu a tsakiyar gona. Littafinsa na 1989 kan yadda manoma ke rayuwa da fari, da maƙalar da ya rubuta da William Adams a 2001, har yau da wuya a yi rubutu mai nauyi kan Sahel ba a ambace su ba. Ya rasu a 2017.

Na uku ɗan ƙasa ne, kuma a maƙwabta ya yi aiki. Anthony Nyong yana koyarwa a Jami'ar Jos lokacin da shi da Francis Adesina da wata masaniya 'yar Sudan, Balgis Osman Elasha, suka wallafa maƙala a 2007 kan darajar ilimin gargajiya na mutanen Sahel wajen fuskantar sauyin yanayi. Ambaton da ta samu a Google Scholar ya haura dubu. Nyong na cikin jagororin da suka rubuta babin Afirka na rahoton IPCC na wannan shekarar, shekarar da kwamitin ya raba lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya da Al Gore. Daga baya ya riƙe sashen sauyin yanayi a Bankin Raya Afirka.

Akwai abin da ya haɗa mutanen nan uku, kuma ya kamata matasan malamai su lura da shi. Ba wanda ya yi suna a cikinsu don ya zo wa manomi da wani sirri daga waje. Sun yi suna ne saboda sun zauna sun saurara, sun auna da kyau, sun kuma yi ƙarfin halin rubuta abin da ya saɓa wa karatun zamaninsu. A nan ƙidayar ambato ta yi aikinta, ta ɗauki gaskiyar ƙauye ta kai ta teburin masu yanke shawara. Sai dai a jerin manazarta ba a sa sunan mai gona. Shi yana fitowa ne a matsayin adadi a cikin jadawali, magidanta kaza da aka yi wa tambaya. Littattafan kuma da Turanci aka rubuta su, a Ingila da Amurka aka buga su, jikan mutumin da aka auna gonarsa zai iya gama sakandare bai taɓa jin labarinsu ba.

Ita kanta ƙidayar, ba kowa ke shiga filinta da ƙafa biyu ba. A 2021 wata kafa mai bin diddigin kimiyyar yanayi a Ingila, Carbon Brief, ta duba maƙaloli 100 da aka fi ambata a fannin daga 2016 zuwa 2020, ta tarar marubutan da ke zaune a Afirka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Rahoton IPCC na 2022 ya nuna inda gizo ke saƙar: daga 1990 zuwa 2019, kashi 3.8 cikin 100 kacal na kuɗin binciken yanayi na duniya aka kashe kan Afirka, a cikin wannan ɗan kason ma kashi 78 cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka suka karɓa, na Afirka suka tashi da kashi 14.5. Wanda ya riƙe kuɗi shi ke zaɓen tambayar da za a bincika, sunansa ke zuwa farko a maƙala, abokin aikinsa na gida kuma sau da yawa aikinsa ya tsaya a tattaro bayanai. Ga kuma kuɗin wallafa. Mujallar Nature, da ta buɗe ƙofar a biya domin kowa ya karanta maƙala kyauta a 2021, yuro 9,500 ta yanka. A juya wannan zuwa naira a ajiye shi kusa da albashin babban malami. Mujallunmu na gida kuwa, da yawansu ba sa cikin Scopus, saboda haka aikin da aka buga a cikinsu, komai kyansa, wannan ma'auni ba ya ganinsa.

Inda aka ɗora ƙarin girma a kan lamba, dole a sami masu neman gajeriyar hanya. Akwai mujallun bogi masu turo saƙo ta imel, suna alkawarin buga maƙala cikin mako guda in an biya, ba tare da wani masani ya duba ta ba. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Kolorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu kafin ya rufe shafin a farkon 2017. Akwai mai ambaton kansa a duk abin da ya rubuta, ko ya dace ko bai dace ba. Akwai 'yan ka-ambace-ni-in-ambace-ka.

Akwai kuma wata cuta da ta fi waɗannan yaɗuwa, ko da yake ba ta kai su muni ba. A 2009 Temesgen Deressa da Rashid Hassan da abokan aikinsu suka wallafa kyakkyawan bincike kan abin da ke sa manoman kwarin Nilu a Habasha su zaɓi wannan dabara ko waccan idan yanayi ya sauya. Aikin ya karɓu, an ambace shi dubbai. Sai ya zama ƙwarya abin aro. Ɗalibi zai ɗauki tsarin yadda yake, ya sauya sunan wuri, ya raba takardar tambayoyi ga manoma ɗari da 'yan kai, ya shigar a kwamfuta, ya fito da sakamakon da kowa ya sani tun kafin a tashi mota: manoma sun lura ruwa ya sauya, ba su da jari, malamin gona ba ya zuwa. Ɗalibi ya sami digiri, mai duba shi ya ƙara maƙala, lambar Deressa ta ƙaru da ɗaya. Manomin da ya bar aikinsa ya zauna a inuwa yana amsa tambayoyi, shi kaɗai ne bai ga komai ba.

Can kuma a ɗaya gefen, ga ayyukan da suka cika gonaki tun ƙidaya ba ta san da su ba. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa. Wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen, sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar ko sisi: lokacin sassabe, maimakon a share komai a ƙone, a zaɓi rassa mafi ƙarfi a kan kututture a bar su, a datse sauran, a kare su. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa abin da rabon abinci, daga baya manoma suka ci gaba da kansu, maƙwabci yana gani a wurin maƙwabci. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki. Sai bayan kusan shekara ashirin masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da zagayen ƙasa, suka ƙiyasta cewa abin ya mamaye hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Duk tsawon shekarun nan, da za a nemi wannan aiki a kundin ambato, da ƙyar a ga alamarsa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso.

Haka geron nan da manoma ke kira Sosat, mai saurin nuna, wanda aka samar a Mali da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri kuma ta fitar da shi a Najeriya a 2000. Masu kyautata iri sukan shafe shekaru suna gwaji kafin su fitar da guda ɗaya, kuma irin da ya shiga rumbuna dubbai ba ya ƙara ko ɗaya a ɗan akwatin nan na Google Scholar, sai dai in an rubuta maƙala a kansa.

Kada a ɗauka dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya. Labarin buhun ajiyar wake ya isa shaida. Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya fara gwajin ajiye wake ba tare da magani ba da masana na Kamaru a Marwa tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka ƙaddamar da shirin PICS, Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Nijar a Maraɗi yana cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajen. Buhu ne mai ciki uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Masanan sun wallafa maƙaloli, an kuma ambace su sosai. Amma ba su tsaya nan ba. An bi ƙauyuka ana ɗaure buhu a gaban jama'a, a bar shi watanni, sannan a tara mutane a dandali a kwance, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya ga wakensa garau, ba huda ba gari. An yi shela a rediyo da harsunan gida, an kuma sa masana'anta a Kano tana ƙera buhun don a same shi a kasuwa. Darajar wannan ta ƙara fitowa a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake barbaɗawa a buhu da sunan fiya-fiya.

A dawo gida. Jihar Bauchi doguwa ce, daga tsaunukan Toro da Dass masu wadatar ruwa, zuwa birnin Bauchi mai samun kimanin milimita 1,000 a shekara, har zuwa Katagum da Zaki da Gamawa inda damina ta fi gajarta. Wani na kukan ruwa ya ɗauke bayan shuka ta fito, wani na kukan kogin Jama'are ya cika ya shanye masa shinkafa, kuma ba a manta da daminar 2024 ba, da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Tambayoyin da manoman nan ke buƙatar amsarsu ƙanana ne a idon duniya. Wace masara ce za ta jure kwana goma sha biyar ba ruwa a jigawar Darazo? Yaushe ya kamata mai fadama a Itas ya dasa don ya girbe kafin ruwa ya hau? Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, yaya za a mai da shi shawarar da mai gona zai yi aiki da ita? Malamin da ya ba da shekara biyar ga ɗaya daga cikin waɗannan, in ya dace, zai taimaki ƙananan hukumomi biyu ko uku. Masanan da za su ambace shi kuwa ba za su cika ɗaki ɗaya ba, domin ba kowa ne a Jamus ko Indiya ya damu da jigawar Darazo ba. Shi kuma ya san wannan, ya san da me kwamitin ƙarin girma zai auna shi. Ba a zargi mutum don ya bi inda aka ajiye lada ba.

Wasu ƙasashen sun fara gyara ma'aunin. A 2012 editoci da masana suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, suna kira da a daina auna malami da sunan mujallar da ya yi wallafa a ciki, a duba aikin kansa. A Birtaniya, tun 2014, idan za a tantance binciken jami'o'i don raba kuɗi, ana ware kaso na makin ga tasirin da aikin ya yi a wajen jami'a, kashi 20 cikin 100 a farko, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Dole jami'a ta kawo shaidar wanda ya amfana. Ba abin da zai hana majalisun jami'o'inmu da asusun TETFund su ba da maki mai nauyi ga irin da aka fitar, da ƙasidar da aka rubuta da Hausa ko Fulfulde aka raba wa malaman gona, da gonar gwaji da aka yi tare da manoma, da shirin rediyo irin wannan. Hanyar isar da saƙon ma ba sabuwa ba ce a jihar nan. Gombe, tun tana cikin ƙasar Bauchi, tana cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gusau, da aka fara shirin raya aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, daga nan aka faɗaɗa shi ya zama hukumar BSADP da kowane manomi ya sani. Tsakanin ofishinta da tsangayar aikin gona ta jami'a ba wata tafiya ba ce mai nisa.

Su ma masu sauraro na karkara suna da abin yi. Ɗalibai za su ci gaba da zuwa da takardun tambayoyi, kuma ya kamata a karɓe su hannu biyu, don a cikinsu ne za a sami wanda zai zauna ya saurara da gaske. Amma kafin a fara amsawa, mai unguwa ko shugaban ƙungiyar manoma yana da damar ya tambayi baƙon, cikin mutunci: ɗana, daga wace makaranta, wane malami ne ya turo ka, in an gama yaushe za a dawo a gaya mana abin da aka gano, kuma da wane harshe? A rubuta sunan sashen da lambar ofishinsu a ajiye. In kaka ta wuce ba a ga kowa ba, a aika a tuna musu.